Sharhi: Gaz na fita daga Olelewa, tuwonmu yana kan kara. Ina shirin tsimin makamashi ya tsaya a Damargu?



Duk wanda ya taso daga Damagaram da dare ya nufo Tanut, in ya yi tafiyar kilomita hamsin da ƴan kai, zai hango fitilun matatar Soraz suna haska daji kusa da Bakin Birji. Wurin nan ƙasar ƙaramar hukumar Olelewa ce, wato cikin gundumarmu ta Tanut. In gari ya waye masa a hanya kuwa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne amalanken jaki ɗauke da itace, ko ƴan mata da damin kara a ka sun nufi gida. Daga wurin da ake tace gaz ɗin ƙasar Nijar zuwa murhun da ake hura kara da kashin shanu, tafiyar ƙafa ce kawai. Hausawa na cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Yanzu da ɗari ya shigo, itace ya ƙara daraja. Ana buƙatar ruwan zafi da asuba, ana jin ɗumi da dare, ga shayi ba ya yankewa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu duba wata magana da ake yawan yi a tarukan Yamai amma ba kasafai take isowa zaurukanmu ba, wato tsimin makamashi. Mene ne hukuma ta tsara a kai? Me ya iso Tanut da Belbeji? Me ya maƙale a hanya, kuma don me?

Tsimin nan, me ake nufi da shi?

Ma'anarsa a taƙaice ita ce a yi aikin da aka saba yi da wuta kaɗan. Tuwon da ake dafawa da itace biyar a dafa shi da uku. Ɗakin da ake haskawa da ƙwan lantarki mai cin wuta a haska shi da marar ci. Ba a ce kowa ya kwana da yunwa ko ya zauna cikin duhu ba.

A ƙasashen da kowane gida ke da lantarki, maganar takan tsaya ne kan na'urar sanyaya ɗaki da masana'antu. Mu a nan lissafin daban ne. A duk faɗin Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun wutar lantarki, a karkara kuwa abin bai ma kai haka ba. Mafi yawan makamashin da gidajen ƙasar nan ke ci itace ne da dangoginsa: gawayi, kara, kashin dabbobi. Ke nan in ana neman inda ake asarar wuta a Damargu, madafa za a fara leƙawa.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Gwaje-gwajen da masana suka sha yi sun nuna murhun duwatsu uku, wanda muka gada, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai na zafin itacen yake kai wa tukunya. Sauran iska ke kwashewa. Mu da muka san iskar Damargu a watannin hunturu ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Uwar gida ta yi tafiyar sa'o'i ta ɗauko dami, kashi takwas ko tara cikin goma na wahalarta ya bi iska.

Shekara arba'in ana gwadawa

Gaskiya ita ce hukumomin Nijar ba yau suka fara tunanin wannan matsala ba. Bayan farin da ya addabi ƙasa, an yi babban taron Maraɗi a 1984 zamanin Seyni Kountché kan yaƙi da hamada. A cikin shekarun nan na 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, da na laka da ake kira Albarka. Dabararsu ɗaya ce: a kewaye wuta, a kare ta daga iska, a sa tukunya ta zauna daidai bakin murhu don zafi ya rungume ta. In an ƙera shi da kyau kuma an yi amfani da shi yadda ya kamata, irin wannan murhu kan rage kwata ko ma sulusin itacen da gida ke ci.

Daga 1989 aka shigo da tsarin makamashin gida, sai dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara. Manufar ita ce mutanen ƙauye su riƙe dajinsu, su sara da ƙa'ida, harajin da aka karɓa a raba tsakanin ƙauyen, hukumar yankin da baitulmali. Tsarin ya fi kama ƙasa a dazuzzukan da ke ciyar da manyan birane. Daga baya aka kawo gawayin ƙasa, wanda kamfanin SNCC ke sarrafawa daga kwal ɗin Cirozerin a jihar Agadas. Amma gidaje nawa ne a Tanut ko Belbeji suka mayar da shi abin girkinsu na kullum?

Babban sauyi ya zo ne ranar 28 ga Nuwamba 2011, da aka buɗe matatar Soraz. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar 40. Ɗanyen man yana zuwa daga Agadem ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460, matatar kuma an gina ta ne don tace ganga dubu 20 a rana. Ban da fetur da gazuwal, an tsara ta fitar da sama da tan dubu 40 na gaz ɗin girki a shekara. Da gaz ya zama na gida, gwamnati ta karya farashinsa a 2012: cika butali mai kilo 6 ya koma sefa 1,800, wato jaka ɗaya da dala 160, mai kilo 12 da rabi kuma sefa 3,750, jaka uku da dala 150. A Yamai da sauran manyan birane wannan mataki ya yi tasiri ƙwarai, gidaje da dama sun koma gaz, amfani da shi ya ninka sau da yawa. Wannan nasara ce, kuma ya kamata a faɗe ta.

To amma me ya sa ba ta ratso ƙauyukanmu ba, alhali daga ƙasarmu gaz ɗin ke tashi?

Lissafin uwar gida

Bari mu yi lissafin da kowace mace ke yi a zuciyarta ba tare da alƙalami ba. Kilo ɗaya na gaz yana da zafin da ya kusa ninka na kilo ɗaya na busasshen itace sau uku. Ƙari a kan haka, resho na kai kusan rabin zafinsa ga tukunya. In aka haɗa biyun, kilo ɗaya na gaz yana yin aikin itace kilo goma ko fiye a murhun duwatsu uku. Ke nan ƙaramin butali mai kilo 6 ya tsaya a matsayin itace kilo sittin zuwa saba'in.

Mu ɗauka, a misali, gida yana ƙona itace kilo shida a rana. Butalin nan zai kai shi kwana goma ko sha ɗaya. A wata ana buƙatar cikawa sau uku, kuɗin ya kama jaka biyar da dala tamanin a farashin hukuma. Ga mazaunin garin Tanut da ke sayen itace kullum da kuɗinsa, wannan lissafi yana iya yi masa daɗi, musamman da damina in itace ya jiƙe ya yi tsada. Ga matar ƙauyen Tarka ko Gangara da ke tsinto itace da ƙarfinta kuwa, jaka biyar a wata kuɗi ne da babu su a gidan. Wahalarta ba a saka ta cikin lissafin cefane, shi ya sa ake ganin itacenta kyauta ne.

Akwai kuma shingaye huɗu da farashin hukuma bai taɓa ba.

Na farko kuɗin shiga. Kafin ka cika butali sai ka mallake shi, ka sayi kan da ake kunnawa da mazaunin tukunya. Wannan kuɗi na tashin farko ya ninka kuɗin cikawa sau da yawa, kuma a dunƙule ake biyansa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Itace kuwa ana sayensa na dala ashirin, na dala hamsin, daidai abin da aka samu a yinin.

Na biyu nisa. Gaz ba ya fitowa daga matata ya shiga gida kai tsaye. Sai ya bi ta hannun Sonidep da kamfanonin rarrabawa, a kai shi cibiyoyin cika butali da ke manyan garuruwa, sannan ya juyo. Tanut na da nisan kilomita kusan 145 daga Damagaram, Belbeji kuma sai an ratse daga kwalta an shiga yashi. Kowace tafiya, ta zuwa da butali wofi da ta dawowa da cikakke, akwai kuɗin mota a kanta, kuma mai saye ne ke biya a ƙarshe. Farashin da aka rubuta a Yamai ɗaya ne, wanda ake biya a bakin shago a ƙauye wani ne.

Na uku yankewa. Wanda ya taɓa yawo da butali wofi kwana da kwanaki bai samu canji ba, ba zai yar da murhunsa na itace ba. Kowane kamfani da launin butalinsa, in naka babu sai ka jira. Ga kuma bambancin farashi da maƙwabta: duk kayan da ya fi araha a wannan gefen iyaka, ƴan kasuwa za su nemi hanyar kai shi inda ya fi tsada.

Na huɗu tukunyar kanta. Tuwon gidan mutum goma sha biyar ba a tuƙa shi a kan ɗan resho da ke ɗaure a saman butali. Muciya na buƙatar tukunya ta zauna daram a ƙasa. Shi ya sa ko a gidajen da ke da gaz za ka tarar shayi, miya da ɗumame ake yi da shi, tuwo da dafuwar wake suna nan a kan itace. Sai kuma tsoro, wanda ba za a raina ba: a gidan zana da bukka, ga yara suna kai da kawo, mace na da hujja in ta yi ɗari-ɗari da abin da ba wanda ya zauna ya koya mata yadda ake rufe shi da yadda ake gane yana yoyo.

Abin da wannan lissafi ke nuna mana shi ne magani ɗaya ba zai yi wa kowa ba. Gaz na mutanen gari ne da masu sana'ar abinci, su da ke sayen itace. Su ne kuma buƙatarsu ke tura masu gatari daji su saro ɗanye, domin mai tsintar na girkin gidanta busasshe take nema. Ƙauye kuwa abin da zai yi masa amfani yau shi ne ingantaccen murhu na laka ko na ƙarfe, wanda ba ya neman a riƙa zuba masa kuɗi duk wata. Kusan duk ƙarfin hukuma ya tafi kan farashin gaz, murhun kuma an bar shi a hannun ayyukan ƙungiyoyi masu zuwa su yi shekara uku su naɗe tabarma.

Bashin da gona ke biya

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, ai tun kakanni da itace ake girki. Haka ne, sai dai mutanen sun ƙaru, dajin ya ragu. Dattawanmu sun san wuraren da a da ake shiga kandili da aduwa da ɗakwara har mutum ya ɓace wa ɗan'uwansa. Yau a wurare da yawa tumfafiya ake sara, itacen da a da mace ba ta kallonsa saboda hayaƙinsa da rashin garwashi.

In itace ya ƙare, kara ake komawa. Nan ne asarar ta fi zafi ga yankin da aka sani da sunan rumbun hatsi. Karan da aka bari kwance a gona yana tare ƙasar da iska ke kwasa, yana riƙe laima, gara ta ci shi ya koma taki. Kashin shanu ma haka. Duk damin da ya shiga murhu, an cire shi ne daga bakin gona ko daga bakin dabba. A shekarar da ciyawa ta yi ƙaranci, kara ɗaya mutum uku ke nemansa: manomi don gonarsa, makiyayi don dabbarsa, uwar gida don tukunyarta. Da yawa daga cikin ƙananan rigingimun da ke kai wa gaban mai gari daga nan suke farawa.

Sai lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3 da dubu 200 a duniya a shekarar 2020, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa. Da ɗari, lokacin da ake shigar da wuta ɗaki a rufe ƙofa, ga goyo a baya, kowa ya san yadda tari da ciwon ƙirji ke cika gidajen likitanmu.

Akwai abin ƙarfafa gwiwa a kusa da mu. A kudancin jihar nan, ƙasashen Magarya, Matamai da Mirya, da kuma jihar Maraɗi, manoma sun mayar da itatuwa gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon da ya fito da kansa a gyara shi ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta filin da aka farfaɗo da shi haka ya kai eka miliyan 5, ta ma'aunin hekta, da itatuwa kusan miliyan 200. A watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince manomi na da haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Ruwan samanmu bai kai nasu ba, itace a nan yana jinkirin girma. Wannan ne ma dalilin da ya sa tsimi ya fi zama dole a gare mu: abin da ke ɗaukar shekaru kafin ya girma bai kamata ya ƙone cikin mako guda ba.

Ɓangaren lantarki da mai

Shekarun nan sun koya wa ƙasa baki ɗaya darajar wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa Nijar a farkon watan Agusta, a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nigelec ke rabawa daga can take zuwa, har da layin Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Sai a watan Maris na 2024 aka ɗage matakin. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta taimaki Yamai a wannan tsakani, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 ke aiki tun 2018.

A watan Yulin 2024 hukumomi suka rage kuɗin mai: litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. Jama'a sun ji daɗi. Amma a watan Maris na 2025 sai ga dogayen layuka a gidajen mai. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, fetur ɗin da ke shigowa ta bayan fage ya yi tsada ya ja baya, kowa ya dawo kan na Soraz, ita kuwa matatar ba ta ƙara girma ba. Darasin a fili yake. Rage farashi yana sauƙaƙa wa aljihu, amma ba ya ƙara ko lita ɗaya a tanki. In abin da ake da shi ƙayyadadde ne, rage ɓarna ita ce hanya mafi kusa ta sa ya isa.

A takarda, dokoki suna nan. CEDEAO ta amince da manufar tsimin makamashi a 2013, Nijar ta tsara nata shirin a ƙarƙashinta. Ko da ƙasar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa, wadda a 2020 ta fitar da umarni cewa a riƙa manna wa ƙwan lantarki da kayan wuta na gida alamar da ke nuna yawan cinsu, da wani umarnin kan gina gidaje marasa cin wuta. Akwai hukumar ANPER mai kula da kai lantarki karkara, akwai ANERSOL ta hasken rana, wadda ta samo asali daga ofishin da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya jagoranta shekaru da dama. Akwai shirin Haske da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, wanda ya haɗa har da ɓangaren girki mai tsabta. Burin ƙasa shi ne kashi 80 cikin ɗari na jama'a su samu lantarki kafin 2035.

Tambayar ita ce, wa ke duba kayan da ke shigowa kasuwanninmu? Fitilu, batura da faifan sola suna zuwa daga Kano, daga Libiya, daga Aljeriya, nagari da jabu a tebur ɗaya, mai saye ba shi da hanyar bambancewa. Mutum ya sayar da akuya ya sayi batir, wata huɗu ya mutu, daga nan ya yanke hukunci cewa sola yaudara ce. Alhali kayan kirki na biyan kuɗinsu. Ƙwan lantarki irin na da mai wat 60, in yana kunne awa biyar kullum, zai ci kilowat 9 a wata. Na zamani mai wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya, bai kai kilowat ɗaya da rabi ba. Ga mai biyan takardar Nigelec wannan ragi ne a kuɗin wata. Ga mai sola kuwa, yana nufin ƙaramin faifai da ƙaramin batir sun ishe shi ya haska ɗaki uku.

Abin da muke ganin za a iya yi

Ga gwamnati, roƙonmu shi ne a kalli kuɗin shiga kamar yadda aka kalli kuɗin cikawa. Rangwame a kan butalin farko da mazaunin babbar tukunya, ko damar biya kaɗan-kaɗan ta hannun ƙungiyoyin adashen mata, zai shigo da gidajen da farashin 2012 bai shigo da su ba. A kuma tabbatar da ma'ajiyar gaz da ba ta yankewa a Tanut, Belbeji da Bakin Birji, a farashin hukuma. Gundumar da ke ɗauke da matata bai kamata ta zama cikin na ƙarshe wajen samun abin da matatar ke fitarwa ba.

Ga kantomomin da ke riƙe da ƙananan hukumominmu tun bayan rushe majalisu a watan Afrilun 2024, akwai aikin da ba ya jiran Yamai. Dokar ƙasa ta tanadi kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen man fetur ga hukumomin yankunan da ake aikin. Jama'a na da haƙƙin jin nawa ya shigo da inda ya tafi, kuma ba laifi ba ne a nemi wani kaso ya koma madafa. A fara da manyan tukwane: makarantun da ke dafa wa ɗalibai, gidajen likita, masu tuwon sayarwa, masu tuyar ƙosai da masu gashi a tasha. Murhu ɗaya da aka gyara a irin waɗannan wurare ya fi na gidaje da yawa rage itace. A horar da maƙeranmu su riƙa ƙera murhu daidai lambar tukunya, a horar da mata biyu ko uku a kowane ƙauye su iya gina na laka su kuma gyara shi in ya tsage bayan damina. Abin da ya kashe ayyukan baya ke nan: murhu ya fashe, mai gyara ya tafi da aikin da ya kawo shi.

Ga ƴan'uwanmu da ke karanta mu daga Agadas, Arlit, Kano, Legas, Sabha, Tamanrasat ko wuraren haƙar zinariya, ku ne kuka fi kowa iya tsallakar da gida shingen farko. Kuna aiko da kuɗin hatsi, na magani, na suna da na biki, Allah ya saka. In hali ya samu, a ware na butali da resho ga iyalin da ke gari, a kuma yi shawara da su kan wanda zai riƙa cikawa, don kada ya zama kayan ado a ƙarƙashin gado. Ga na ƙauye, ingantaccen murhu da fitilar sola mai garanti sun fi dacewa. Kafin ku saya, ku kira Inna ko uwar ɗakin ku tambaye ta lambar tukunyar da take ɗorawa. Ita ta san abin da zai yi mata aiki.

Mu mazan gida kuma mu yarda cewa maganar murhu tamu ce. Gonar da aka kwashe wa kara tamu ce, yarinyar da ta makara zuwa lakkwal saboda neman itace ɗiyarmu ce. Katangar laka da za ta kare wuta daga iska, rufe tukunya, jiƙa wake tun dare, busar da itace kafin a hura, kashe garwashi in an sauke: duk ba sa buƙatar izinin kowa.

Kowace shekara ranar 3 ga Agusta muna fita mu dasa itatuwa, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Dashen yana da kyau. Sai dai ɗan itacen da aka dasa da damina zai yi shekaru kafin ya ba da reshen farko, tukunya kuwa yau da dare za a ɗora ta. Muna jiran jin ta bakinku, musamman iyayenmu mata na Tanut, Tarka, Gangara, Falanko, Tenhiya da Olelewa: nawa kuke sayen itace a wannan ɗari, nawa ake cika muku butali, kuma wane murhu ne ya taɓa yi muku aiki? Abin da kuka faɗa za mu kai shi gaban kantomomi da ma'aikatan gandun daji a shirinmu na gaba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.